Allon Shara a Ƙofar Frau Laible

Baltazar saurayi ne ɗan ƙasar Fotugal, shekararsa ashirin da biyu. Ya zo garin Tübingen karatun tarihi na shekara ɗaya. Yana da kai, yana da fara'a, bakinsa kuma da zaƙi. Aibinsa ɗaya ne, ƙyuyar ƙaramin aiki. Zai iya wuni a tsaye cikin jirgin ƙasa don ya je ya kalli wani tsohon coci a wata ƙasa, amma kofin da ya sha gahawa sai ya kwana uku bai wanke ba. Idan aiki ya matso shi, ba ya cewa ba zai yi ba. Dabara yake nema, yadda aikin zai zame ya faɗa kan wani.

Mako uku ya yi yana neman ɗaki. Garin na ɗalibai ne, a watan Oktoba ko akurkin kaji aka sa haya sai an yi masa layi. Daga ƙarshe ya samu wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin rufin wani tsohon gida, cikin lungu mai gangara. Ɗakin yana cikin hayar wata tsohuwa da ke hawa na biyu, Frau Laible, wato uwargida Laible. Da can nan take tara tarkace. Shekarunta tamanin da biyu, hamsin da ɗaya daga ciki a gidan nan ta yi su.

Ranar da ya zo duba ɗakin ta kalle shi sama da ƙasa.

"Kana shan taba?"

"A'a, Frau Laible."

"Kana kiɗa?"

"Sai a zuci."

"Ka iya riƙe tsintsiya?"

"Uwata ta ce da ita a hannu aka haife ni."

"Lallai uwarka ta sha wuya. Zo ka gani, ɗan samari."

Ta nuna masa allon. Ɗan katako ne da zanen tsintsiya a jiki, an ɗaura masa igiya. Ƙofa huɗu ce a gidan. A ƙasa Herr Knödler, wato malam Knödler, tsohon direban bas. A hawa na ɗaya mai gidan burodin lungun da matarsa. Sai Frau Laible, sai ɗakin sama. Wanda allon yake rataye a ƙofarsa, mako nasa ne. Ranar Asabar da safe ya share matakala daga sama har ƙasa, ya goge ta da ruwa, ya share ƙofar gida har bakin titi. In dusar ƙanƙara ta sauka, ya kwashe ta kafin ƙarfe bakwai. In ya gama ya kai allon ƙofa ta gaba. Daga ɗakin sama allon yakan koma ƙasa wurin Herr Knödler, a sake farawa.

Baltazar ya ce ai wannan ba aiki ba ne. Ta ba shi mabuɗi.

Tsohuwar tana da ɗa guda, Eberhard, yana zaune a garin Mannheim. Bara ta taɓa barin madara a kan murhu ta ƙone. Tun daga nan ya ƙallafa rai sai ya mayar da ita gidan kula da tsofaffi kusa da shi. Wata Lahadi ya zo, ta kira Baltazar ya sauko cin kek ɗin tuffa, a gabansa uwa da ɗa suka sake tayar da zancen.

Eberhard ya ce, "Mama, matakalar nan hawa arba'in da biyu ce."

"Na san yawansu. Ni nake goge su."

"Can akwai lambu, akwai likita a kusa."

"Akwai kuma masu jiran mutuwa a jere. Ebbe, ci kek ɗinka. Ranar da na kasa riƙe makona, ko na daina gane abin da na yi da wanda ban yi ba, ni da kaina zan kira ka. Kafin nan kada ka sake kawo mini takardar nan."

"Kin yi alkawari?"

Ta nuna Baltazar da cokali. "Ga shaida nan."

Baltazar ya yi dariya, ya ce ya shaida, ya ƙara yanka na biyu.

Makonsa na farko ya yi sharar, sama-sama. Herr Knödler ya bi ƙarfen matakalar da ɗan yatsa, ya duba yatsan, ya duba Baltazar, ya shige ɗakinsa. A gidan nan wannan faɗa ne babba.

Rayuwa ta yi wa Baltazar daɗi. Litinin zuwa Alhamis yana jami'a, ya ci abinci a kantin ɗalibai, ya zauna ɗakin karatu har yamma. Jumma'a kuwa jakar goyo ce da tikitin jirgi mai araha. Yana da abokai uku, su ma baƙi, suna ganin shekara ɗaya ba ta isa a ɓata Asabar guda a zaune ba. Yakan aika wa uwarsa hotuna, yana tsaye gaban gada, yana tsaye gaban fada, yana cin tsiren alade a bakin wani kogi.

A watan Nuwamba allon ya sake zuwa ƙofarsa, abokan kuma suka ce birnin Strasbourg za a je. Ranar Laraba da safe zai fita, ya ciro allon daga ƙusa, ya sauko hawa goma sha huɗu, ya rataye shi a ƙofar Frau Laible. A ransa ya ce za ta dawo da shi tana mita, kafin nan shi ya yi nisa, in ya dawo ya ce kuskure ne.

Ya dawo Lahadi da yamma. Matakala na ƙanshin sabulu. Allon yana ƙofarsa. Ashe tsohuwar ba ta yi mita ba, sharar ta sake yi, ta sake hawowa da allon. Ya ɗan tsaya da jaka a baya. Sannan ya ɗauki allon ya kai ƙasa ƙofar Herr Knödler. Ranar da ya kamata allon ya isa can ke nan, ba wanda zai ga giɓi.

Washegari Herr Knödler ya tare shi a bakin ƙofa.

"Kai, mai jakar goyo. Tsohuwa na gani da bokiti ranar Asabar. Ba makonka ba ne?"

"Nawa ne, Herr Knödler. Allon ne bai iso ni ba sai jiya. Na ɗauka an canja tsari."

"Ba a canja tsari a gidan nan ba tun kafin a yi cikinka."

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi saman matakala. Ya ce, "Asabar biyu a jere. Hm." 

A watan Disamba aka je Vienna ganin kasuwar Kirsimeti. Wannan karon hannun Baltazar ya saba, ko tsayawa bai yi ba. Bayan ya dawo da kwana biyu ya haɗu da Frau Laible a matakala, tana riƙe da ƙarfe tana hutawa.

"Ɗan samari, in tambaye ka. Wancan makon na hawo na kawo maka allo?"

"Ban ji motsinki ba, Frau Laible."

"Na tuna ƙusar nan taka sarai. Har igiyar ta maƙale mini a maɓallin riga, na tsaya ina warwarewa."

"Wataƙila na watan jiya kike tunawa."

Ta dube shi. Ta ce, "Wataƙila."

Ta sayi kalanda babba da jan alƙalami, ta liƙa a bangon kicin. Baltazar ya gani ta ƙofa. Ya kuma lura ƙanshin soyayyar albasa da ke hawowa ɗakinsa da tsakar rana ya daina hawowa, kek ɗin Lahadi ma aka daina kiransa. Ya ɗauka sanyi ne ya sa ta kasala. Yana da jarrabawa a gaba, bai bi ta kan zancen ba.

A watan Janairu abokan suka ce Prague, kwana huɗu. Masu hasashen yanayi sun ce dusar ƙanƙara za ta sauka ranar Asabar. Baltazar ya ji, ya tuna shebur da ƙarfe bakwai na safe, ya ce gara ma da zai yi tafiyar. Ranar Alhamis ya sauko da allon.

Ya dawo Litinin da rana, ya tarar da Herr Knödler yana watsa tsakuwa a ƙofar gida saboda santsin ƙanƙara. Tsohon bai jira gaisuwa ba.

"Tsohuwar da ta ba ka ɗaki ta kira ɗanta."

"Lafiya?"

"Shida da rabi na Asabar na leƙo. Tana tsaye nan inda kake, shebur a hannu ɗaya, kalanda a ɗaya hannun, takalmin ɗaki a ƙafa. Ta ce, Knödler, karanta mini. Na karanta. Ta rubuta da ja, na gama makona, na kai allo sama. Ta ce, to ga allon a ƙofata. Ta ce ko dai ban yi ba na rubuta, ko na yi na kai na sake ɗaukowa ban sani ba, kowanne ne dai shi ke nan. Na karɓi shebur ɗin na kwashe. Ta hau ta ɗauki waya."

Baltazar ya ce, "Kai, abin tausayi."

"Hm," in ji Herr Knödler.

Lahadin da ta biyo Eberhard ya zo da takardun. Aka zauna a teburin kicin, shi da uwarsa da Herr Knödler. Aka kira Baltazar. Ba kek. Eberhard mutum ne mai son ya tabbatar kafin ya yi abu, shi ya sa ya kira shi.

"Herr Baltazar, tambaya ɗaya zan yi maka. Mama ta ce tana tuna ta kai maka allon, sau uku tana ganinsa ya koma ƙofarta. Ko sau ɗaya a cikin ukun ka gan shi a ƙofarka a farkon mako?"

Frau Laible ta ɗora hannu biyu a kan tebur tana kallonsa.

Baltazar ya san abin da ke rataye da amsarsa, a gabansa aka yi alkawarin. Amma ya dubi fuskar Herr Knödler. Ya tuna matar mai burodi, wadda kowane labari ke bi ta kantinta ya watsu a lungu kafin tara na safe. Ya tuna makonni ukun da ya yi yana yawon neman ɗaki. Ya ce wa kansa ai can ɗin akwai lambu, akwai likita, wataƙila ma ya fi mata.

Ya ce, "Ban gan shi ba."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ebbe, miƙo alƙalamin." Ta sa hannu a takardar gidan tsofaffin, ta sa hannu a wasiƙar sakin haya. Rubutunta a miƙe, ba rawa.

Bayan kwana goma Baltazar ya tarar da wasiƙa a akwatinsa, daga Eberhard. Ta ce wanda ya mallaki gidan ya karɓi sakin hayar. Ɗakin sama yana cikin hayar, don haka shi ma za a mayar. Ya kwashe kayansa kafin ƙarshen Maris. Karatun Baltazar kuwa sai Yuli zai ƙare. Ya karanta sau biyu. Duk dabararsa bai taɓa kawo wannan a ransa ba.

Ranar Asabar ya sauka ya ƙwanƙwasa. Falon cike da kwalaye. Eberhard na naɗe farantai a tsohuwar jarida, uwarsa na zaune tana nuna masa wanda za a ɗauka da wanda za a bayar. Baltazar ya tsaya a tsakiyar kwalayen ya faɗi komai. Strasbourg, Vienna, Prague.

Eberhard ya ajiye farantin da ke hannunsa. "Sai yanzu da ɗakinka ya shiga ciki ka tuna?"

"Gaskiya nake faɗa."

"Wacce? Ta ranar Lahadi ko ta yau? Zauna ka zaɓi ɗaya, malamin tarihi."

"Ebbe, yi mini shiru," in ji tsohuwar. Ta juyo ga Baltazar. "Wace rana kake saukowa da shi?"

"Na farko Laraba. Sauran biyun Alhamis."

"Na Disamba, igiyar ta maƙale mini a maɓalli ko ba ta maƙale ba?"

"Na ga zaren ulu a jikin igiyar. Shuɗi."

Ta jingina da kujera.  Sannan ta ce, "To, kaina ƙalau yake." Ta faɗa a hankali, kamar mai karanta sakamakon asibiti.

Eberhard ya shiga kicin da waya ya kira mai gidan. Suna jin muryarsa ta ƙofa, ta hau, ta sauka, ta koma roƙo. Ya dawo ya ce ba a yarda ba. Shekaru mutumin yake jiran hawan nan ya zama fanko don ya fasa ya gyara, har ya riga ya tsayar da rana da magina. Takarda ta shiga, ba ta fitowa.

Frau Laible ta ce da Baltazar, "Ka san tun Disamba ban kunna murhu ba? Tsoro nake kada in ƙone gida da mutane a ciki. Burodi da cuku nake ci. Kullum da safe sai na faɗi sunayen jikokina a jere, in ga ko ɗaya ya ɓace."

"Ki yi haƙuri, Frau Laible. Ban san abin zai kai nan ba."

"Ranar Lahadi ka sani." Ta gyara tabarau. "Abin da ban gane ba ɗaya ne. Me ya hana ka ƙwanƙwasa? Ka ce, Frau Laible, zan je Prague, ki riƙe mini makon nan in riƙe miki na gaba. Ni da Knödler shekara talatin muna wannan musaya. Da ya kwanta asibiti mako uku na yi masa, da mijina ya rasu shi ya yi mini na wata biyu. Da na yi maka, har in naɗa maka kek ka ci a jirgi."



Ta ce, "Je ka. Kana tare wa Ebbe hanya."

A ƙarshen Fabrairu motar kaya ta zo. Herr Knödler da mai burodi suka taya lodi. Baltazar ya sauko zai kama, mai burodi ya ce hannu ya isa. Ya koma sama ya tsaya a taga. Tsohuwar ta sauko matakalar ita kaɗai, ba ta yarda an riƙe ta ba, ta shiga motar ɗanta.

Ya shiga neman ɗaki. A lungun da kewayensa ba wanda ya buɗe masa ƙofa, labarin ya riga shi isa. A sauran gari ɗakuna sun cika da masu shigowa sabon zango. Wuri biyu aka nemi lambar wanda ya ba shi haya a da, lambar Eberhard ce kawai gare shi. Ya kwana a ƙasan ɗakin wani abokinsa mako uku, har masu kula da ginin suka gane suka hana. Ya koma masaukin matafiya, guzurinsa bai jure ba. A ƙarshen Afrilu ya haɗa jakarsa ya koma Fotugal, zango na biyu bai yi shi ba. Uwarsa ta tarbe shi a tasha tana tambaya me ya faru. Ya ce ɗaki ne ya yi wuya. Sai bayan shekara ya faɗa mata sauran.

Frau Laible tana Mannheim, a wani ɗaki na ƙasa mai taga ɗaya. Kanta garau. Ita ke tuna wa masu jinya ranar da za a canja wa maƙwabciyarta magani. Ba ta sake taka lungun ba, ko da Eberhard ya ce zai kai ta ta gaida Herr Knödler. Baltazar ya rubuta mata wasiƙa biyu, dogaye. Ta amsa ɗaya da ɗan kati mai layi uku. Ta ce ta gode, an yi ruwa sosai bana, tana fata yana lafiya.

Darasi: Aikin da ya zama rabonka, in ka zame masa ba ɓacewa yake ba. Kan wani yake faɗawa, kuma sau da yawa kan wanda ya fi kowa rauni a wurin. Baltazar awa ɗaya ta shara ya gudar wa, ya sa tsohuwa ta yi wata uku tana zargin hankalinta, ta rasa gidan da ta yi shekara hamsin da ɗaya a ciki, shi kuma ya rasa karatunsa. In ka je ƙasar mutane, ka riƙe ƙa'idarsu ko da ta yi maka ƙanƙanta, don ba ka san abin da wani ya jingina a kanta ba. In ba za ka iya ba, ka buɗe baki ka roƙa, roƙo ya fi dabara sauƙi. In kuma ka riga ka yi laifi, ka faɗa ranar da aka tambaye ka. Gaskiyar da ka ajiye sai ranar da abin ya taɓa ka, ko an yarda da ita, ba ta gyara komai.